Yadda Ake Lissafin Lambar Wargajewar Mezon, Daga Biro da Takarda Har Zuwa Raga

Daren wata Alhamis, bayan sallar isha'i, wani ƙanina ya sauka daga jirgin ƙasan Haramaini ya iso wurina a Jidda. Haifaffen Makka ne, kakanninsa da ƙafa suka taho daga ƙasar Kano. Hausarsa tana nan daram, sai dai in aka shiga zancen karatu Larabci ya fi zama a bakinsa. Yana shekarar farko ta majistir a fiziya. Ko shayin da aka zuba masa bai kurɓa ba ya zaro takardu biyu daga jaka ya miƙo mini.

"Yaya, wannan ya ce sabitul idmihlal na payon 92 ne, wannan kuma ya ce 130. Wane ne ya yi kuskure a cikinsu?"

Lambar wargajewa yake nufi da Larabcin nan. Na ce masa babu wanda ya yi kuskure, amma in yana so ya gane dalili sai mun ciro lambar da hannunmu. Muka baza takardu a kan darduma, kalkuletar wayarsa a tsakiya, ba mu tashi ba sai da dare ya raba. Abin da muka bi a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, domin na ga ɗalibanmu da yawa suna haddace lambobin nan ba su taɓa ganin inda suka fito ba. Kayan aiki kaɗan ne: biro, takarda, kalkuleta mai iya saiwar murabba'i, da sanin farko na makanikan kwantam. Mataki na shida ne kawai yake neman kwamfuta. Za mu yi aiki da awon da ake saka ħ, lambar Planck da aka raba da 2π, da c, gudun haske, su zama 1, saboda haka nauyi da kuzari duk da MeV ko GeV za a faɗe su.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema, ka kuma zaɓi mudunka

Mezon ƙwaya ce da kwak ɗaya da kishiyar kwak ɗaya suka haɗu suka yi. Kwak kuwa su ne ƙananan ƙwayoyin da aka gina ƙwayoyin cibiyar atam da su. Payon mai caji, wanda Yukawa ya yi hasashen irinsa a 1935 kuma Powell da abokan aikinsa suka gano a Biristol a 1947, kwak u ne da kishiyar d. Kafin payon ya wargaje ya zama miyon da nutirino, dole kwak ɗin nan biyu su haɗu a wuri guda su cinye juna, su ba da W, ƙwayar da ke ɗauke da rarraunan ƙarfi. Daga W zuwa miyon da nutirino lissafi ne mai sauƙi, aikin rarraunan ƙarfi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne haɗuwar kwak biyun, domin ƙarfi mai tsanani, wato QCD, shi ke riƙe da su, kuma a irin wannan ƙaramin kuzari ba ya lissaftuwa kashi-kashi yadda aka saba. Duk wahalar nan an tattara ta a lamba ɗaya:

⟨0| d̄ γ^μ γ5 u |π⁺(p)⟩ = i f p^μ

Ka tsaya ka dubi layin nan da kyau. Payon ba shi da juyi, don haka kibiya ɗaya tak yake da ita da za ta iya tsayawa a hannun dama, wato p, mai ɗauke da kuzarin payon da motsinsa. Abin da ya rage lamba ce mai awon kuzari, ita ce f, lambar wargajewa. Abin da ke tsakiyar hannun hagu, d̄ γ^μ γ5 u, shi ake kira kwarara. Ɓangaren kwararar da ba shi da γ5 ba ya ba da komai, fariti, wato daidaiton madubi, ya hana shi.

To a nan ne 92 da 130 suka rabu. Wanda ya rubuta ma'anar kamar yadda na rubuta zai sami wajen 130 MeV. Masu nazarin kairal, wato daidaiton hagu da dama da za mu gani a mataki na huɗu, sukan saka √2 a gaban lambar, su rubuta ta da babban baƙi F, sai ta fito wajen 92 MeV. Raba 130.2 da 1.414 ka gani. Hatsi ɗaya ne, mudu ne ya bambanta. Ka rubuta mudun da ka zaɓa a saman takardarka da jan biro, kuma duk lissafin da za ka aro daga wani wuri, ka fara duba da wane mudu mai shi ya auna. Tun da f murabba'inta ke shiga lissafi, wanda ya haɗa mudu biyu amsarsa za ta ninka biyu ko ta koma rabi, bai sani ba.

Mataki na biyu: ka ciro lambar daga abin da aka auna

Kafin ka yi hasashe sai ka san inda kake harbi. Faɗin wargajewa, Γ, shi ke auna saurin wargajewar. Na mezon zuwa lefton, wato miyon ko ilektiron da danginsu, da nutirino shi ne:

Γ = (G² / 8π) × f² × |V|² × m² × M × (1 − m²/M²)²

G lambar Fermi ce, 1.16638 × 10⁻⁵ GeV⁻². M nauyin mezon, m nauyin lefton. V kuwa gida ne daga jadawalin Cabibbo da Kobayashi da Maskawa, wanda Cabibbo ya aza harsashinsa a 1963, sauran biyun suka faɗaɗa shi a 1973.

Mu saka na payon. Nauyinsa 0.13957 GeV, na miyon 0.105658 GeV, tsawon ransa daƙiƙa 2.6033 × 10⁻⁸, kuma kashi 99.99 cikin ɗari na wargajewarsa ta hanyar miyon ce. Raba ħ, wadda a awon GeV da daƙiƙa take 6.582 × 10⁻²⁵, da tsawon ran, za ka sami Γ wajen 2.528 × 10⁻¹⁷ GeV. Yanzu hannun dama, bi da bi. G² a raba da 8π ya ba da 5.413 × 10⁻¹². Murabba'in nauyin miyon 0.011164 ne. Idan ka raba shi da murabba'in nauyin payon ka sami 0.5731, ka cire daga 1 saura 0.4269, murabba'insa 0.1823. Ninka 5.413 × 10⁻¹² da 0.011164 da 0.13957 da 0.1823, amsa 1.537 × 10⁻¹⁵. Raba Γ da wannan, ka ɗauki saiwa: f sau |V| ya fito 128.2 MeV. Gidan V da ya shafi u da d wajen 0.974 ne, don haka f ta zama 131.7 MeV.

Ƙanina ya ɗago kai ya ce, "Amma Yaya, ai 130 aka ce." Gaskiyarsa. Abin da ya rage shi ne gyaran haske: payon da miyon duk suna da caji, suna musayar foton, kuma wannan yana ƙara faɗin da wajen kashi 1.8 cikin ɗari. Cire shi, f sau |V| ya sauko 127.1, f kuma ta zauna wajen 130.5 MeV.

Kada ka wuce m² ɗin nan ba ka tambayi kanka me ya kawo shi ba. Tun da payon ba shi da juyi, juyin nutirino da na lefton dole su soke juna, wannan kuwa yana tilasta wa lefton ya juya ta hannun da rarraunan ƙarfi ba ya so. Nauyinsa ne kawai ke ba shi damar yin hakan. Shi ya sa ilektiron, duk da ya fi sauƙi kuma ya fi samun fili, da ƙyar payon ke bi ta kansa. Ka gwada: rabon faɗin ilektiron da na miyon ya fito 1.28 × 10⁻⁴ daga layin nan, da gyaran haske ya koma wajen 1.235 × 10⁻⁴, abin da aka auna kuma 1.23 × 10⁻⁴ ne. A wannan rabon f ta fice gaba ɗaya.

Abin lura babba shi ne, gwaji ba ya ba ka f ita kaɗai, kullum f sau |V| yake bayarwa a ɗaure. A payon mun tsira domin an san V daga wargajewar cibiyar atam. A mezon D da B kuwa, masu ɗauke da kwak c da b masu nauyi, V ɗin ne ake nema ruwa a jallo. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar f daga nazari tsantsa.

Mataki na uku: ƙiyasin farko da samfurin kwak

Hanya mafi tsufa ita ce ta Van Royen da Weisskopf, ta 1967. Tunaninta a fili yake: in f tana auna haɗuwar kwak biyu, to ta dogara da yiwuwar samunsu a wuri ɗaya, wato murabba'in siffar igiya ψ a inda tazararsu take sifili. Da mudun 130, an kuma ƙirga launukan kwak uku:

f² = 12 |ψ(0)|² / M

Sai ka samo ψ. Mai son yin aikin sosai zai warware lissafin Schrödinger da rijiyar Cornell, V(r) = −4α/(3r) + σr, inda r take tazarar kwak biyun, α ma'aunin ƙarfi mai tsanani, σ kuma wajen 0.18 GeV². Don gwaji na dare ɗaya, ɗauki siffar Gauss mai faɗi β, wadda take ba da |ψ(0)|² = β³/π^(3/2). Zaɓi β = 0.4 GeV. β³ = 0.064, a raba da 5.568 ya zama 0.01149, sau 12 ya zama 0.1379.

Yanzu raba da nauyi, ka ɗauki saiwa. Mezon D mai nauyin 1.870 GeV ya ba da 272 MeV, alhali lambar da aka amince da ita 212 ce. Mezon B mai 5.279 GeV ya ba da 162 MeV, ta gaskiya 190. Ba a yi nisa ba, amma dubi rabonsu. Samfurin ya ce f_D ta fi f_B sau 1.68, domin f a wurinsa tana raguwa kamar 1/√M. Haka ma nazarin kwak mai nauyi yake cewa in nauyin ya tafi ba iyaka. A zahiri rabon 1.12 ne kawai. Ma'ana kwak c bai kai nauyin da za a yi masa wannan zaton ba, gyararrakin 1/M suna da girma.

Sai ka saka payon. 0.1379 a raba da 0.1396, saiwa, kusan 990 MeV. Ya zarce gaskiya sau bakwai da wani abu. Ina son kowane ɗalibi ya ga wannan faɗuwar da idonsa, domin gani ya kori ji. Payon ba kwak biyu ne masu zagaya juna a hankali ba. Sauƙin nauyinsa yana da wani asali dabam, kuma duk wanda ya murɗa β har sai 130 ta fito, bai lissafa komai ba, amsar da ya sani ya mayar wa kansa.

Mataki na huɗu: payon ta ƙofar kairal

Da kwak u da d ba su da nauyi ko kaɗan, da QCD tana da daidaito tsakanin kwak masu juyin hagu da masu juyin dama. Wofin sarari da kansa yana karya daidaiton nan, domin cike yake da daskararrun kwak da kishiyoyinsu, abin da za mu kira Σ. Payon shi ne ƙwayar Nambu da Goldstone da karyewar ta haifa. Ɗan nauyin da yake da shi daga ɗan nauyin kwak ya samo shi. Gell-Mann da Oakes da Renner suka ɗaure zancen a 1968. A nan na koma mudun 92, ka lura:

F² M² = (m_u + m_d) Σ

A awon 2 GeV, m_u wajen 2.16 MeV ne, m_d wajen 4.70, jimla 6.86. Saiwa ta uku ta Σ wajen 272 MeV ce, don haka Σ = 0.02012 GeV³. Ninka su: 1.380 × 10⁻⁴. Raba da murabba'in 0.135 GeV, nauyin payon mara caji, wato 0.018225, ka ɗauki saiwa. F = 87 MeV.

Ba 92 ba ce, kuma bai kamata ta zama 92 ba. Wannan F ce ta duniyar da kwak ba su da nauyi. Gyaran farko daga aikin Gasser da Leutwyler na 1984 yake:

F_π = F × [1 + M² ℓ₄ / (16π²F²)]

da ℓ₄ wajen 4.4. M² a raba da 16π²F² ya ba da 0.0152, sau 4.4 ya zama 0.067. To 87 sau 1.067 ya kai 92.8 MeV, a ɗaya mudun kuwa wajen 131. A nan ƙanina ya yi kabbara a hankali. Na ji daɗin hakan, amma na tuna masa cewa Σ da nauyin kwak da muka saka, su ma daga lissafin raga aka same su. Abin da muka nuna shi ne ginin ya tsaya da ƙafafunsa, sassansa ba su ƙaryata juna ba. Ka kuma tabbata nauyin kwak da Σ a awo ɗaya ka ɗauko su, domin kowannensu yana sauyawa da awo, ninkinsu ne kawai ba ya sauyawa.

Mataki na biyar: ƙa'idojin jimla

Shifman da Vainshtein da Zakharov suka fito da wannan hanya a Mosko a 1979. Ana ɗaukar alaƙar kwarara biyu a lissafa ta ta fuska biyu. Ta fuskar kwak da guluwon, ƙwayoyin da ke ɗaure kwak da juna, a gajeren zango, inda lissafi kashi-kashi yake aiki, a ƙara masa daskararrun wofi. Ta fuskar hadron kuma, wato ƙwayoyin da kwak suka haɗu suka yi, inda payon yake tsaye shi kaɗai a ƙasa, sauran masu nauyi suka taru daga wani matsayi s₀ zuwa sama. Sai a yi juyin Borel, wanda yake danne masu nauyin, a daidaita fuskokin biyu. Na payon, da mudun 130, da B a matsayin murabba'in awon Borel:

f² ≈ (B/4π²)(1 − e^(−s₀/B))(1 + α/π) + ⟨αG²/π⟩/(12B) + …

Saka B = 1 GeV², s₀ = 0.7 GeV². Kashin farko ba tare da α ba: 0.02533 sau 0.5034, wato 0.01275, saiwarsa 113 MeV. Gyaran α a wannan awo wajen 1.15 ne, ya kai shi 0.0147. Daskararren guluwon, wato ⟨αG²/π⟩ (G ɗin nan na guluwon ne, ba lambar Fermi ba), 0.012 GeV⁴ a ƙiyasin masu hanyar, ya ƙara 0.001. An kai 125 MeV. Kashin kwak huɗu da na bari a ɗigo-ɗigo yana ƙara 'yan MeV kaɗan.

Aikin bai ƙare da lamba ɗaya ba. Ka sauya B daga 0.7 zuwa 1.5, ka zana f a kan takarda, ka nemi inda layin ya kwanta. In B ta yi ƙanƙanta, daskararrun sun rinjayi lissafi. In ta yi girma, masu nauyin da ka yi wa ƙiyasi sun rinjaya. Tagar da ke tsakani ita ce taka. Sai ka motsa s₀ sama da ƙasa ka ga nawa amsa ta motsa, ka rubuta shi cikin tazarar shakka. A ganina hanyar nan ba ta cika sauka ƙasa da kashi goma cikin ɗari na shakka da gaskiya ba, amma tana koya wa mutum daga ina lambar take tasowa fiye da kowace.

Mataki na shida: raga

Lambobin da duniya ke dogaro da su yau daga nan suke. Kenneth Wilson ya kawo tunanin a 1974: a mayar da sarari da lokaci raga mai gidaje, tazarar gida da gida a, kwak a kan ƙulli, guluwon a kan zaren da ke tsakani. Lokaci kuma a juya shi ya zama na Euclid, sai jimlar hanyoyin kwantam ta koma abin da kwamfuta ke iya zaɓowa ta hanyar Monte Carlo.

Da farko ana buƙatar tarin shimfiɗun guluwon. Samar da su shi ne mafi tsada. Raga mai gida 64 a kowane gefe uku da 96 a gefen lokaci tana da ƙulli sama da miliyan 25, kuma ana son ɗaruruwan shimfiɗu ko dubu. Wannan aikin manyan injuna ne irin Shaheen da ke jami'ar KAUST a Thuwal, arewa da Jidda. Ɗalibi ba daga nan zai fara ba. Ƙungiyoyi irin MILC sun saki shimfiɗunsu ga masu bincike, kuma manhajoji irin Chroma da Grid da openQCD a buɗe suke. Don koyo, ƙaramar raga mai 8 ko 16 a gefe tana gudana a kwamfutar cinya.

A kan kowace shimfiɗa sai ka warware lissafin Dirac ka sami yadda kwak ke tafiya daga ƙulli ɗaya zuwa sauran. Ka haɗa biyu ka gina alaƙar P da P, inda P = d̄γ5u, ka tara a kan dukkan sarari don mezon ya zama a tsaye. In lokaci t ya yi nisa, masu nauyi sun mutu, saura mafi sauƙi:

C(t) ≈ A × [e^(−Mt) + e^(−M(T−t))]

T tsawon ragar ne ta gefen lokaci. Kashi na biyu yana nan domin ragar zagaye take, mezon yana iya biyowa ta baya.

Kafin ka daidaita komai, zana ln[C(t)/C(t+1)] a kan t. Zai faro daga sama, ya gangaro, ya kwanta. Inda ya kwanta nan ne fagenka, tsayinsa kuma shi ne M. Ka daidaita A da M a cikin fagen nan kaɗai, sannan ka matsa farkonsa gida ɗaya gaba, gida ɗaya baya, ka ga ko amsa ta tsaya. Na taɓa ɓata kusan wata guda ina neman dalilin da f tawa ta fi ta kowa girma, ashe tun daga t = 3 na fara daidaitawa, inda masu nauyi ba su gama mutuwa ba. Ranar da na zana hoton nan na ga kuskuren cikin minti biyar. Tun daga lokacin ba na amsar lamba daga hannun ɗalibi sai ya nuna mini zanen.

In tsarin kwak ɗinka yana kiyaye wani yanki na daidaiton kairal, kamar tsarin da ake kira HISQ, to f tana fita kai tsaye, da mudun 130, inda m₁ da m₂ suke nauyin kwak biyun:

f = (m₁ + m₂) × √(2A / M³)

Ba a buƙatar wani gyaran ma'auni, domin ninkin nauyin kwak da P ba ya sauyawa. In kuwa kwak irin na Wilson kake amfani da su, sai ka lissafa kwararar aksiyal kanta, wato mai γ5, ka ninka da lambar gyara Z_A, wadda ita ma aiki ce mai zaman kanta. Tazarar shakka kuma ba a ɗaukarta daga daidaitawa ɗaya. Ka riƙa cire shimfiɗa ɗaya ko rukuni ɗaya kana maimaita lissafin, ka ga yadda amsoshin suka bazu. Ka haɗa shimfiɗu maƙwabta rukuni-rukuni, domin wanda ya biyo wani yana kama da shi. Manhajojin gvar da lsqfit da corrfitter na Peter Lepage, a Python, an yi su ne domin wannan.

Abin da kwamfuta ta ba ka lamba ce tsirara, af, wato tazarar gida a sau f. Kafin ta zama MeV sai ka san a. A ce a = 0.09 fm, inda fm ɗaya yake mita 10⁻¹⁵. Raba 197.3, wato ħc a awon MeV da fm, da 0.09, 1/a ya zama 2192 MeV. In ka sami af = 0.0595, to f = 130.4 MeV. Amma daga ina ka san a? Dole ka sadaukar da wani abu da aka auna, kamar nauyin bariyon Ω, 1672 MeV. Ƙungiyoyi da yawa f ta payon kanta suke kafa awo da ita, saboda tana fita da tsabta. Babu laifi, amma wanda ya yi haka ba shi da bakin cewa ya yi hasashen f ta payon. Kamar mai awo ne da ya sassaƙa mudunsa daidai da buhun da ke gabansa, sannan ya auna buhun ya ce ya cika. Ka duba wannan a kowace takarda ka karanta.

Ba ƙaramin abu ba ne kafa awon nan. A 2007 ƙungiyar HPQCD ta fitar da f ta D_s, mezon mai kwak c da kishiyar s, a 241 MeV da shakkar 3 kacal, alhali gwaje-gwajen lokacin, irin na CLEO da Belle, suna nuna wajen 270. Har aka fara rubuce-rubuce a kan ko sabuwar fiziya ce ta leƙo. Zuwa 2010 ƙungiyar ta sake kafa awonta, lambar ta hau 248, gwaje-gwaje kuma suka sauko da aka ƙara tara bayanai. Yau tana wajen 250.

Saura miƙa layi uku. Na farko, tazarar a ta tafi sifili: ka yi lissafin a tazara uku ko fiye, misali 0.12 da 0.09 da 0.06 fm, ka zana f a kan a², ka miƙa. Na biyu, girman akwati: ƙa'idar da aka saba ita ce M sau L, tsawon gefen akwatin, ya kai wajen 4. Ragarmu ta 64 a 0.09 fm tana da L = 5.76 fm, sau 135 a raba da 197.3 ya ba da 3.9, ta kusa. Na uku, in payon ɗin ragarka ya fi na gaske nauyi, layin Gasser da Leutwyler na mataki na huɗu shi zai sauko da kai. Kwak b kuwa yana da tasa matsalar. Nauyinsa wajen 4.18 GeV ne, ya kusa ninka 1/a na ragar nan biyu, ramukan ragar sun yi masa faɗi. Ko dai a yi amfani da nazarin kwak mai nauyi, ko a sauka raga mai 0.03 fm inda 1/a ta haura 6.5 GeV, kamar yadda Fermilab da MILC suka yi a aikinsu na 2018.

In ka gama, ka gwada amsarka da matsakaicin da ƙungiyar FLAG ke tattarawa: payon 130.2, kayon (mezon mai kwak u da kishiyar s) 155.7, D 212, D_s 250, B 190, B_s 230, duk a MeV.

Mataki na bakwai: mayar da lambar inda ake jiranta

Yanzu koma layin mataki na biyu, amma ta baya. Kayon mai caji nauyinsa 0.493677 GeV, ransa daƙiƙa 1.238 × 10⁻⁸, kashi 63.56 cikin ɗari yana bi ta miyon. Bi matakan nan dai, za ka sami f sau |V| wajen 35.3 MeV, da gyaran haske 35.1. Raba da 155.7 na raga, gidan V na u da s ya fito 0.225. Marciano ya nuna a 2004 cewa ya fi kyau a ɗauki rabon kayon da payon, wanda yake wajen 1.193, domin a rabo awon a ya fice, yawancin shakka ma ta soke juna. Haka ake yi da bayanan D da D_s daga BESIII a Bejin, da na B daga Belle II a Japan. Wargajewar B_s zuwa miyon biyu, wadda LHCb da CMS suka gani, ita ma hasashenta a kan murabba'in f ta B_s yake zaune.

Aikin da na ba ƙanina ya tafi da shi Makka, kai ma ga shi. D_s nauyinsa 1.9683 GeV, ransa wajen daƙiƙa 5.01 × 10⁻¹³, wajen kashi 0.54 cikin ɗari yana bi ta miyon, gidan V na c da s kuwa wajen 0.974. Ciro f. In ta fito kusa da 250, ka bi daidai. In ka ga 177 ko 354, koma saman takardarka ka duba abin da ka rubuta da jan biro.